Bal a cikin ruwan Agusta: amsar tambayarka

Yarona na ga saƙonka. Ka ce ranar nan kana busa wasan unguwa ruwa ya kece, bal ta jiƙe ta yi nauyi, golan ɓangare ɗaya yana ta ihu a canza, ɗayan ɓangaren suna cewa a bar ta, kai kuma ka tsaya da usur a baki, shi ne kake tambaya wai ya ake hana bal jiƙewa.

To ba a hanawa fa. Bal ɗin da ke cikin fili dole ta sha ruwa, abin da ke hannunka shi ne wadda ke waje ta zama busasshiya, kuma duk irin bal ɗin da wancan ɓangaren ya samu shi ma wannan ya samu irinta. Rigimar da kake gani a damina yawanci daga nan take tashi.

Tun kafin ka bar gida in ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka san yau akwai aiki. Ka sa kowane kulob ya kawo bal biyu, ka duba su duka kafin a take, kar ka duba ɗaya ka ce sauran ma haka suke. Doka ta ce nauyi gram 410 zuwa 450, kewaye santimita 68 zuwa 70, amma lura, wannan nauyin a FARKON wasa ake nufi, don haka in gola ya zo maka minti 60 yana cewa alkali ta yi nauyi, nauyin ruwa kaɗai bai sa ta zama lalatacciya ba. In ta sace ko ɗinki ya buɗe, wannan kam dole a canza, ka tsayar ka saki sabuwa da hannunka.

Sauran bal ɗin ka zuba su a babbar leda ko buhun da ruwa ba ya shiga, ka ɗaure baki, ka ɗora kan benci ko kujera, kar a ajiye a ƙasa. Tawul biyu, ɗaya na taɓo ɗaya na busarwa, don in ka goge caɓi da tawul sannan ka ce da shi za ka busar, shafe bal ɗin kawai kake da laka. A filayenmu na ƙasa taɓon ma ya fi ruwan illa, shi ne yake cika layin ɗinki ya sa bal ta riƙa zame wa gola. Ka samu yaro ɗaya mai hankali ka damƙa masa ledar, ba ɗan ɓangaren kowa ba, ka gaya masa ba ya jefo bal sai ka ɗaga masa hannu. Doka tana bayanka a nan, ba a canza bal cikin wasa sai da izinin alkali, kuma ka yi canjin lokacin da ta fita, turoyin (jifa) ko kwana ko bugun gola.

Maganar tawul ɗin nan kuma a kula. Akwai 'yan wayo da za su ɓoye tawul a gefensu, mai dogon jifa ya goge bal tas ya wurga har cikin sha takwas, in abokan karawa sun zo jifa tawul ya ɓace. Rory Delap na Stoke City da tawul ya yi suna a Ingila, har a 2023 hukumar ƙananan lig-lig ɗin can ta hana goge bal da tawul kafin jifa. Ni nawa tsarin mai sauƙi ne, ina kiran kyaftin biyu wajen tos, wato cilla kwabo kafin a take, in ce ko kowa ya goge ko kowa ya haƙura, kuma wanda ya tsaya yana shafa bal kamar mai yi wa jariri wanka ɓata lokaci yake, gargaɗi ɗaya, na biyu yalo.

Ku yaran yanzu ma kun huta. Bal ɗin fata ta da in ta sha ruwa ka sa mata kai sai ka ga taurari. Sai a 1986 gasar duniya ta Meziko aka fara buga wadda ba fata a jikinta sam, ta 2006 a Jamus kuma manne ta aka yi da zafi babu ɗinki, ruwa bai da ƙofar shiga. Amma kar ka ruɗu, irin waɗancan sai manyan wasa kamar in Kano Pillars na wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wadda ake kawo maka a unguwa mai ɗinki ce kuma rabin fentinta ya goge, tana shan ruwa sosai. Ita kam a hutun rabin lokaci ka cire ta gaba ɗaya ka sa wata.

Sannan wani lokacin ba laifin bal ba ne, filin ne ya mutu. Je inda ruwa ya fi kwanciya, gaban raga da tsakiya, ka cilla ta sama, in ta faɗo ta ce caɓ ta zauna, ka gara ta kuma ta tsaya a taku biyu, to tawul ɗari ba zai yi maganin wannan ba, ka dakatar a jira. In kuwa walƙiya ce, ka ƙirga tsakaninta da tsawa, bai kai sakan 30 ba ka busa kowa ya fice, ba gindin bishiya ba, cikin gini ko mota, kuma a jira minti 30 daga tsawar ƙarshe. Za su zage ka, masu cin ɗaya da nema su ne za su fi kowa zagi, ka bar su.

Asabar ka zo da ledarka da tawul ɗinka, kai za ka riƙe layi in nuna maka yadda ake yi wa yaron bal alama.