Wanda ya ci da wanda ke bi: amsoshinku kan bashi da kunya

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan bashi suka taru. Ko don an koma makaranta ne, aljihu ya yi sauƙi, oho. Na haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Wani mai sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada da ke Jos ya rubuto: "Malam, na ba wani abokin ciniki tumatir kwando shida bashi, yau wata bakwai ke nan. Duk ranar da na tuntuɓe shi sai ya yi dariya ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shin ma'anar karin maganar ke nan, a ci a ƙi biya?"

Alhaji, karin maganar tana nan daram, bakin da ta fito ne ba nata ba. Abin da Bahaushe ya hango a hanji abu biyu ne. Na farko, ba wanda ba shi da shi, daga sarki har mai tura baro. Na biyu, a ɓoye yake. Za ka ga mutum da babbar riga yana ƙamshin turare, ba ka ganin hanjinsa, amma ka san yana nan. Saboda haka magana ce ta lallashi. Mai ba da rance ne ke faɗa wa wanda ya zo yana sunkuyar da kai, yana kame-kame ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Ko dattijo ya faɗa wa masu yi da wani don an ji ana binsa. Karin magana da yawa haka suke, suna da mai faɗa da wanda ake faɗa wa, in aka juya su sai su zama rainin hankali. Wanda ke da halin biya ya riƙe kuɗin mutane wata bakwai, ba shi da hurumin ya lallashi kansa da ita a gaban mai kuɗin.

Ni har ina ƙara wani abu, amma wannan fahimtata ce, ba daga magabata na ji ba. Hanji hanya ce, ba rumbu ba. Abin da ya shiga dole ya wuce. Ranar da ya tsaya cik, sai a nemi mai magani.

Ka kuma lura da yadda harshen ya raba aikin. Mai karɓa cewa muke ya ci bashi. Mai bayarwa kuwa yana bin bashi. Ba mu da wani fi'ili guda da mai cin bashi zai faɗi nauyin da ke kansa da shi, sai dai ya ce "ana bina", ko "akwai kuɗin wane a kaina". Ɗaya ya ci ya zauna, ɗaya na tafe a bayansa da ƙafa. Kuma duk cikin kalmomin nan babu zagi. Zagin yana cikin taurin bashi. In aka ce wane yana da taurin bashi, an gama da shi a kasuwa, ko da kuwa bai taɓa cinye kuɗin kowa ɗungurungum ba. Laifinsa sai an yi ta sintiri. Idan mutuminka ya sake kawo maka zancen hanji, ka ce masa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wata ɗaliba a Jami'ar Jos tana son bambancin aro da rance da bashi.

'Yata, aro shi ne a ba ki abu ki yi amfani da shi ki mayar da shi kansa: tsani, tabarma, littafi, zane. Shi ya sa aka ce zanen aro ba ya rufe katara, don mai shi na iya aikowa a karɓa kina tsakiyar biki. Rance kuwa abin da aka ba ki ƙarewa zai yi, madadinsa za ki mayar: kuɗi, mudun masara, kwalbar manja. Bashi shi ne nauyin da ya hau kanki, ko ta rance, ko ta sayen kaya ba a biya ba, ko ta ladan aikin da aka yi miki. Duk rance bashi ne, amma ba duk bashi ne rance ba. Na san a Jos za ki ji yara na cewa "ara mini naira ɗari biyar", kuma kowa ya gane. A jarrabawa dai rubuta "ranta mini". Lamuni kuma daga Larabci ya zo, daga kalmar da ke nufin tsaya wa wani. Harafin Larabci na ض ne ya koma "l" a bakinmu, kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da larura.

Saƙon da ya fi tsaya mini a rai na wani matashi ne daga Anguwar Rogo. Ya ce ya karɓi rance a wata manhajar waya, ya makara da mako biyu, sai suka bi lambobin da ke wayarsa suna aika saƙo cewa shi ɓarawo ne. Har mahaifin yarinyar da yake nema ya samu. Yanzu ko masallacin unguwa ba ya iya zuwa. Abokansa sun ce tunda an riga an tona masa asiri, kada ya biya ko sisi, ai kunyar mara kunya asara ce. Yana tambaya ko haka ne.

Ɗana, Allah ya rufa asiri. Bari mu warware kalmar kunya tukuna, don abu uku ne suka cuɗe maka. Akwai jin kunya, wannan daga cikinka yake tasowa, hali ne, kuma yabo ne a ce yaro yana da kunya. Akwai shan kunya, wato abu ya faru a gaban mutane ka rasa inda za ka sa kanka. Akwai kunyatarwa, aikin da wani ya yi maka da gangan. Abin da ya same ka shi ne na biyu ta hanyar na uku. Abokanka kuma so suke ka yar da na farko saboda haushin sauran biyun.

Karin maganar da suka kawo tana nufin kada ka yi ta kawaici ga wanda ba ya yi maka. Ta ba ka damar ka buɗe baki, ka kai ƙara, ka gaya wa surukinka gaskiyar abin da ya faru ba tare da rufa wa kamfanin ba. Ba ta ce haƙƙin da ke kanka ya faɗi ba. Su sun ci mutuncinka, wannan nasu ne. Kai ka ci kuɗinsu, wannan naka ne. Ba a biyan ɗaya da ɗaya sai in alƙali ne ya yanke haka.

Kuma ka sani abin da suka yi ba a ƙyale shi ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, mai hedikwata a Abuja, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan rance a Legas a watan Maris na 2022 saboda wannan ɗabi'a ta tozarta mutane, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista. Kamfanin Google ma tun ƙarshen watan Mayu na 2023 ya hana manhajojin rance da ke kantinsa shiga lambobi da hotunan wayar mutane. Ka ajiye saƙonnin, kada ka goge, su ne shaidarka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka mayar da kunya bulala. Dā ma kunya ce jingina a tsakaninmu. Mutum ya je kasuwar Katako ko ta Dilimi ya ɗauki kaya ba takarda ba shaida, fuskarsa kawai ya ajiye. Amma mai bi ma yana da tasa kunyar. Ba ya tare ka a gaban iyalinka. Zai aiko yaro da gaisuwa, ka gane. In ta ƙi, ya sami amininka ko limami. In ta ƙi, mai unguwa. Alƙali ne ƙarshe. Kowane mataki an bar maka ƙofar fita da mutuncinka. Manhaja ba ta da ido, balle ta yi kunyar ido, sai ta fara daga inda mutanen dā ke jin nauyin ƙarewa. Addini ma ɓangare biyu ya kama: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Batun kuɗin ruwan da suka ɗora maka, wannan ka kai wa malaman fiƙihu, ba fagena ba ne. Abin da zan iya cewa ta fuskar harshe shi ne riba biyu ce a Hausa: ta ciniki, mai jan wasalin farko, da wadda aka haramta, mai gajeren wasali. A Larabci ma kalmomi biyu ne daban, rubutun boko ne ya haɗe su. Masallaci kuwa ka koma yau ɗin nan. Rabin sahun ana binsu.

Sai wata Hajiya daga Rikkos, uwar adashi ce. Mijin ƙanwarta ya ranci kuɗi a hannunta shekara biyu, ta kasa tambaya, shi kuma ya yi shiru. Tana so ta san ko wannan kunya ce ko kara.

Hajiya, a wajenki kara ce: kin danne haƙƙinki don darajar zumunci. Shirun da kike yi kina gani kamar ba ki gani ba, shi ne kawaici. A wajensa kuwa, in yana sane, sunan abin cin amana, sai dai ku mata kun fi mu iya sa masa suna mai laushi. Amma kuɗin adashi ne ko naki? In na zubin mutane ne, ba ki da ikon yin kara da su, don ba a kara da kayan wani. In naki ne, zaɓi biyu gare ki: ki yafe har zuci ki faɗa masa kin yafe, ko ki aika a tuna masa. Na ukun da kike kai, ba yafiya ba tambaya, shi ne barin kashi a ciki, wanda aka ce ba ya maganin yunwa. Ku duka kun sha jin sanarwar da ake yi a wajen jana'iza, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami iyalansa, don ba a raba gado sai an biya. Tuna masa yanzu ya fi masa sauƙi a kan a yi ta a wannan ranar. Gaba kuma ki riƙa rubutawa ko da ɗan'uwa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware dangi ba.

Wani yaro ɗan sakandare daga Gangare ya tambaya ko bashin kuɗi da bashin da ake cewa nama ya yi bashi kalma ɗaya ce. A'a, a rubuce ne kawai suka zo ɗaya, karin sauti ya raba su, ka sa kakarka ta faɗa maka su a jere za ka ji. Ya ƙara da cewa malaminsu ya ce ai duk biyun in suka kwana biyu sai an toshe hanci. Ka gaishe mini da malamin naku.