Tambaya da Amsa: Bayin gandayen Amurka, har da gini suka yi?

Tambaya: Ni magini ne. Na ji ana cewa bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa Amurka su ne suka gina gidajen iyayengijinsu. Ashe ba noman auduga kaɗai suka yi ba? Da me suka yi ginin? Daga wani mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Malam magini, gaskiya ka ji. Babban gandu ba ya rasa magina, kafintoci da maƙera, kuma galibinsu bayi ne.

Jan bulo da hannu suke buga shi. Kafin sanyi a haƙo yumɓu a tara, a bar ruwa da ƙanƙara su farfasa shi. Sannan a kwaɓa da ƙafa, kamar dai kwaɓin tubalinmu, a tsince duwatsu, don tsakuwa ɗaya kan tsaga bulo a wuta. A barbaɗa yashi cikin akwatin katako kada ƙasar ta manne, a buga, a shanya, a riƙa juyawa. Bayan makonni a jera shi tsibi guda, a bar ƙofofin wuta a ƙasa, a yi kwanaki ana zuba itace dare da rana. Da ƙaramar wuta ake farawa. In aka yi gaggawa, danshin ciki ya tarwatsa bulon. Na kusa da wuta kan ƙone ya lanƙwashe, na nesa ya fito da laushi, sai dai a sa shi a bangon ciki.

A gaɓar tekun jihohin Jojiya da Fulorida kuwa akwai ginin da suke kira tabi. Ɓawon kawa, wata dabbar teku, suke ƙonawa bisa tulin itace har ya zama farar ƙasa. Sai a auna farar ƙasar, yashi, ruwa da ɓawon da ba a ƙona ba, kowanne awo ɗaya. A zuba tsakanin alluna biyu, tsayin kamar ƙafa ɗaya, a daddanne, a jira ya kama, a ɗaga allunan a ɗora wani sahu. Yashin teku in ba a wanke ba, gishirinsa ya ci bangon. In kuma ba a yi shafe ba, ruwan sama ya zaizaye shi, yadda katangarmu ke yi in ta rasa makuba. A gandun Kingsley na Fulorida bayi sun yi ɗakuna 32 da irin wannan gini, kufan 25 na nan tsaye.

Abin da ke sosa rai shi ne lada. Gwanin magini bayar da shi haya ake yi, kuɗin ya shiga aljihun ubangidansa. Haka aka yi da aka fara ginin fadar shugaban Amurka, White House, a 1792. A tsofaffin bangayen birnin Charleston har yau ana ganin shatin yatsun masu juya ɗanyen bulo, wasu ƙanana ƙwarai, na yara.