Amsa: MySQL na nuna kashi 99, amma saba na jan ƙafa da dare

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana kula da rumbun bayanai na MySQL 8.0 na wani kamfanin Umra a Jidda, sabar tana da RAM 32GB, ma'ajiyar InnoDB (buffer pool, wato yankin RAM da MySQL ke ajiye shafukan bayanai) tana nuna cewa kashi 99 na karatu daga RAM ake samunsa, amma da an idar da tarawihi mutane sun yi ca a kan neman ɗakuna, sai shafin ya tsaya cak.

Kar wannan kashi 99 ya ruɗe ka. Ana samunsa ne daga lambobi biyu na SHOW GLOBAL STATUS: Innodb_buffer_pool_read_requests, wato duk karatun da aka nema, da Innodb_buffer_pool_reads, wato wanda ba a samu a RAM ba sai da aka je faifai. Su biyun tarawa suke tun ranar da aka kunna sabar. In ta yi wata biyu a kunne, awa ɗaya ta cunkoso za ta nutse a cikin jimillar, ba za ka gan ta ba. Abin da kake buƙata shi ne bambancin minti zuwa minti. Ka bar mysqladmin extended-status -r -i 60 yana gudana tun daga Isha'i har sahur, yana zuba sakamakon a fayil.

Sannan ka yi lissafi. A ce ana neman karatu 200,000 a daƙiƙa, kashi ɗayan da ya kuɓuce 2,000 ne, kowane shafi kuma 16KB, kusan 32MB ke nan a daƙiƙa, a warwatse ko'ina a faifan. SSD zai ɗauka ba damuwa. Faifai mai juyawa ba zai iya ba ko kusa. Don haka ka buɗe iostat -x a gefe ka dubi r_await, wato matsakaicin lokacin da kowane karatu ke ɗauka a faifai.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɓatar da mutane, kuma shi na fi zargi a nan. Umarnin nema da ba shi da indes (fihirisar da ke kai shi kai tsaye ga layin da ake nema) yana bin tebur gaba ɗaya, yana karanta shafuka barkatai daga RAM, kowane karatu kuma ana ƙirga shi a matsayin dace. Wato mugun umarni ƙara kyautata kason yake yi, alhali shi ne ke cinye furosesa. Ka kunna slow_query_log, fayil ɗin da ke rubuta umarnin da suka daɗe, ka sauko da long_query_time daga daƙiƙa 10 na asali zuwa 0.5, ka kwatanta Rows_examined da Rows_sent. In an duba layi dubu ɗari biyar don a fito da ashirin, ka yi wa umarnin EXPLAIN don ka ga hanyar da yake bi, ka sa indes a inda ya dace, galibi kwanan wata da lambar otal.

Ka duba innodb_buffer_pool_size ma, wato girman ma'ajiyar, domin na asali 128MB ne kacal kuma da yawa ba sa taɓa shi. In ba abin da ke kan sabar sai MySQL, ka ba shi kamar 22GB zuwa 24GB. Ana canza shi ba tare da kashewa ba, sai dai ka yi da hantsi lokacin da aiki ya lafa. Kar ka zarce, in vmstat ya fara nuna motsi a ginshiƙan "si" da "so" (swap), tsarin ya koma jibge RAM a faifai, wanda ya fi matsalar farko muni. Shi kuwa query cache ka manta da shi, an cire shi a 8.0.

Innodb_buffer_pool_wait_free bai kamata ya riƙa hawa ba. In yana hawa, ana jiran a rubuta shafukan da aka canza kafin a sami gurbi, matsalar ta koma ɓangaren rubutu. Ka kuma tabbatar ba a sa mysqldump, mai ɗaukar kwafin ajiya na bayanai, ya tashi tsakar dare ba; a Ramadan wannan lokacin ne kasuwarku ke ci, a mayar da shi bayan Asuba.