Na'urar Gano Ƙarfe: Shin Tana Rarrabe Zinariya da Tarkace?

Tambaya: Wani mai karatu daga Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina ya rubuto cewa an yi masa tallar na'urar gano ƙarfe, kuma mai sayarwar ya rantse masa tana hango zinariya ko da ta kai zurfin gaba uku, tana kuma ƙyale tarkace. Yana neman shawara kafin ya biya.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin an cika wa miyar nan gishiri. Na'urar ba ta san zinariya ba. Abin da take aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ƙarfen da kuma girmansa, sannan ta ba ka sauti da lamba, galibi tsakanin 0 da 99. Baƙin ƙarfe, irin su ƙusa da tsohon ruwan fartanya, lambarsa ƙasa take, jan ƙarfe da azurfa kuwa suna can sama. Zinariya tsakiya take faɗawa, wuri ɗaya da marfin gwangwanin lemo da gutsattsarin alminiyam, saboda haka duk wanda ya saita na'urarsa ta yi shiru a kan alminiyam, to ya rufe mata baki a kan zoben zinariya ma. Batun zurfi kuma, abu mai girman kwabo ba kasafai ake jin sa ba idan ya wuce santimita 20 zuwa 30.

Abin da ya fi cancanta ka bincika shi ne ko tana da maɓallin daidaita ta da yanayin ƙasa. Jar ƙasa da marmara irin tamu cike suke da sinadarin ƙarfe, kuma na'urar da ba ta da wannan maɓalli za ta yi ta tsuwa a fili babu komai, har ka gaji da haƙa. Idan ƙananan ƙwayoyin zinariya kake nufi, sai mai saurin bugu, kamar Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab mai kilohaz 45 (kilohaz shi ne ma'aunin saurin bugun na'ura), domin Garrett Ace 250 mai kilohaz 6.5 ta fi dacewa da tsabar kuɗi da zobba.

Kafin ka fita daji, ka binne abubuwa a tsakar gida, kowanne da raminsa: ƙusa, marfin gwangwani, wayar jan ƙarfe, tsohon kwabo mai huji, da ɗan kunnen zinariya idan uwargida ta amince (ka ɗaure shi a leda, don a zauna lafiya). Ka riƙa jan faifan na'urar, wato zagayayyen ɓangaren da ke ƙasan sandarta, a hankali, dab da ƙasa, ba tare da ɗaga shi a ƙarshen kowane lilo ba, har kunnenka ya saba da muryar kowannensu.

Idan ka tono abu, maganaɗisu ne gwajin farko, domin ba ya kama zinariya ko azurfa ko tagulla. Tagulla kan yi kore a ƙasa, zinariya kuwa da launinta take fitowa, kuma nauyinta ya ninka na tagulla fiye da sau biyu. Hukuncin ƙarshe na maƙerin zinariya ne da dutsen gwajinsa.

Ka kuma sani cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa gwamnatin tarayya ma'adinan ƙasa, sai da lasisi ake haƙa. Wuraren tarihi irin su kushewun Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Mani kuwa, kada ka kusance su da na'ura, kuma gonar wani sai da izinin mai ita.