Kafin ka sayi allon zane mai fuska, ka duba laftof ɗinka da irin aikinka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka cewa kana yin katin biki da fosta da CorelDRAW a nan Kaduna, yanzu kana so ka shiga zanen littattafan yara, kuma ka tara kuɗi don sayen allon zane mai fuska, irin wanda ake zane kai tsaye a kan gilashinsa da alƙalami. Ka tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, kuma wanne za ka saya. Na daɗe ina cin abinci da irin wannan allo, shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni.

Da farko ka sani cewa wannan allon ba kwamfuta ba ne. Wacom Cintiq, Huion Kamvas, XP-Pen Artist, dukansu fuska ce ta biyu kawai wadda ke jin alƙalami. Ba su da ƙwaƙwalwa, ba su da batir, ba a sa musu manhaja. Laftof ɗinka ce ke yin aikin gaba ɗaya, allon yana nuna maka ne kawai. Idan laftof ɗin tana nishi in ka buɗe babban fayil a Corel, to haka za ta yi nishi a kan allon, har ma ta fi, domin yanzu fuska biyu take ɗauka. Za ka ja layi, sai layin ya biyo bayan alƙalami a makare, ka ɗauka allon ne ba shi da kyau alhali matsalar tana cikin kwamfuta. Shafin A4 da za a kai ɗab'i ana zana shi ne a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), wato fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsaye, kuma zanen littafin yara leya-leya ake yin sa, na layi daban, na launi daban, na inuwa daban. RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da ake kai, in bai kai 8GB ba zai wahalar da kai, 16GB ya fi kwanciyar hankali, kuma in har yanzu tsohon hard disk ne mai juyawa a ciki, wato ma'ajiyar fayil, canza shi zuwa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri, zai amfane ka fiye da duk wani allo.

Sai ka juya laftof ɗin ka duba ramukan gefenta. Yawancin ƙananan allunan nan suna zuwa da kebul mai kai uku: HDMI na hoto, USB ɗaya na alƙalami, wani USB ɗin na wuta. In ba ka da ramin HDMI sai ka nemi mahaɗi. Akwai masu aiki da kebul ɗaya tak na USB-C, amma ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, sai wanda ke ɗauke da DisplayPort ko Thunderbolt. Laftof da yawa na hannu da ake sayarwa a gari suna da USB-C na tura fayil kawai. Mutum zai haɗa, alƙalami ya yi motsi, fuska ta tsaya baƙa ƙirin, ya ce an cuce shi. Ka bincika lambar samfurin laftof ɗinka a intanet kafin ka fitar da ko sisi.

Yanzu ga ainihin tambayar, ko ya cancanta. Don aikin da kake yi a yau, katin ɗaurin aure da kalandar walima da fostar 'yan takara, ni dai a ganina ba ka buƙatarsa. Wannan aiki ne na jera rubutu da hoto da daidaita su, kuma linzamin kwamfuta ya fi alƙalami sauri da daidaito a nan. In ka sayi allo don wannan, zai zauna a leda. Amma zanen hannu wani abu ne daban. Fuskar yaro mai dariya, naɗin rawani, yadda mayafi ke zuba daga kafaɗa, duk layuka ne da ke son hannu ya danna a wani wuri ya sassauta a wani. Haka rubutun ajami ko na Larabci na ado da ake sa wa a firam, inda kaurin harafi ke canzawa a tsakiyar ja. Ni kaina aikin da ya fi mayar mini da kuɗin allona shi ne zana samfurin aikin wuya na manyan riguna da na huluna ga masu ɗinki, irin su aska takwas, domin telan yana so ya ga zanen a kan launin shaddar kafin a sa allura, kuma gyara a allo ba ya cin yadi. A irin waɗannan ayyuka ganin layi yana fita daidai ƙarƙashin bakin alƙalami yana rage lokaci sosai.

Sai dai ina so ka ji wannan da kyau, domin ina ganin matasa suna zuba kuɗi da zaton allon zai gyara musu hannu. Abin da kake iya zanawa a takarda da fensir, shi za ka zana a gilashi. In hannun mutum a zanenka yana fita kamar cokali mai yatsu a takarda, haka zai fita a Cintiq mafi tsada. Mutanen sashen zane-zane na kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka yi suna tun ƙarshen shekarun 1950, irin su Yusuf Grillo da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da takarda da fenti suka kafu. Ka riƙe littafin zane a aljihu, ka zauna bakin Kasuwar Barci ko tashar Kawo ka zana masu wucewa. Allon zai zo ya tarar da hannun da ya riga ya san hanya.

Kuma akwai hanya mai rahusa da bai kamata ka raina ba, wato allon da ba shi da fuska, kamar Wacom Intuos ko Huion Inspiroy ko XP-Pen Deco. Hannunka na ƙasa, idonka na kan laftof. Makonnin farko za ka ji baƙunta, daga baya hannu ya saba. USB ɗaya yake buƙata, ba ya shan wuta, ba ya fashewa a jaka cikin keke Napep, kuma kana zaune a miƙe ba ka sunkuya ba. Ƙwararru da yawa har gobe da shi suke aiki. In kuɗin da ka tara ba zai isa allo mai fuska da gyaran laftof a lokaci ɗaya ba, gyara laftof ka sayi wannan.

In kuwa ka tsaya a kan mai fuska, to ka nemi inci 13 zuwa 16. Mai inci 11 ko 12 yana matsewa da zarar ka buɗe akwatunan kayan aiki na manhaja, wurin zanen ya koma ɗan tafin hannu. Masu inci 22 da 24 kuma suna da daɗi ƙwarai, amma suna buƙatar cajarsu ta bango, kuma kai ma ka san halin wutarmu. Huion Kamvas 13 da XP-Pen Artist 13.3 Pro duk inci 13.3 ne, fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, kuma ƙananan irin wannan suna iya shan wuta daga laftof ko daga fawa banki, saboda haka in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba ka tsaya ba, sai dai batirin laftof zai sauka da sauri fiye da yadda ka saba. Wannan kaɗai ya sa nake ba mutanen gida shawarar ƙarami. In da janareta kake aiki, kada ka haɗa allon kai tsaye a soket ba tare da abin kariya daga hawa da saukar wuta ba. Wacom kamfanin Japan ne tun 1983, kuma alƙalaminsu har yanzu ya fi jin tattausan taɓi a hannuna, amma tazarar da ke tsakaninsu da Huion da XP-Pen na China ta ragu sosai, tazarar farashi kuwa ba ta ragu haka ba. Mai farawa ba zai ga bambancin da ya kai wannan kuɗin ba.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Za ka ga matakan dannawa 4096, ko 8192, sababbi har 16384. Hannun ɗan Adam ba ya rarrabe waɗannan. Abin da za ka tambaya shi ne ko gilashin a manne yake da fuskar. A waɗanda ba a manne ba akwai 'yar iska a tsakani, sai ka ga bakin alƙalami a nan, layi kuma yana fita ɗan gefe, musamman a kusurwoyi. A masu mannewa wannan tazara kusan babu ita. Sannan ka tabbatar alƙalamin ba mai caji ba ne. Na zamani suna samun ƙarfinsu daga allon kansa ta hanyar maganaɗisu, ba batir ba caji, amma tsofaffin samfura da ke yawo a kasuwar kayan hannu wasunsu sai an caja.

Maganar launi ita ce inda na fi so ka natsu, tunda aikinka yana ƙarewa ne a wurin masu ɗab'i. Allunan nan da yawa suna nuna launi da kauri fiye da na laftof da na waya. Za ka zuba ja mai kyau a zanen atamfa, ka tura wa mai aiki ta WhatsApp, ya ce ya ga launin ya kwanta. Bayan haka fuska tana haɗa launi ne da haske, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu ta CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore mai ƙyalli da kake gani a allo, tawada ba ta iya kai su, sai su fito a dushe, shuɗin ma wani lokaci ya karkata zuwa shunayya. Abin da nake yi shi ne in sa allon a yanayin sRGB, wato ma'aunin launin da yawancin fuskokin kwamfuta da hotunan intanet ke bi, in yana da shi, in rage haskensa, in kunna gwajin CMYK a manhaja tun ina tsakiyar zane ba sai na gama ba, sannan in duba aikin a waya ɗaya ko biyu. Kafin a buga littafi gaba ɗaya kuwa, ka biya a fitar maka da shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. Marubucin da ya ba ka aiki ba zai tambayi sunan allonka ba, fatar yaran da ke cikin littafin zai duba, ko ta fito yadda yaranmu suke ko ta yi toka-toka. Launin fatar baƙin mutum yana da saurin lalacewa a ɗab'i in baƙar tawada ta yi yawa a cikinsa, don haka ka gwada shi tun da wuri ka ajiye lambobin da suka yi maka kyau.

Manhaja kuma ba sai ka kashe kuɗi ba. Krita kyauta ce kuma don zane aka yi ta. Clip Studio Paint ana saye, ta fi ƙarfi a zanen barkwanci mai akwatuna da kumfar magana. Ka zana a can, ka kawo cikin Corel ka jera rubutu kamar yadda ka saba. In za ka sa direban allon, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon da alƙalaminsa, ka fara cire duk wani direban allon zane na wani kamfani da ke kwamfutar, domin suna karo da juna. In alƙalami ya daina jin dannawa, layi ya fito da kauri ɗaya, je ka kunna ko ka kashe Windows Ink a saitin direban, mafi yawan lokaci nan matsalar take. In kuma kana zane a allo amma kibiya tana yawo a fuskar laftof, danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi faɗaɗawa (Extend), sannan ka nuna wa direban fuskar da zai bi.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar gilashin nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙwayar ƙasa ɗaya in ta maƙale a bakin alƙalami za ta ja maka layi a fuskar da ba ya gogewa. Ka goge da tattausan ƙyalle kafin ka fara, ka rufe in ka tashi, ka sauya bakin alƙalami da zarar ya yi kaifi a gefe ɗaya. A zafin Maris da Afrilu allon yana ɗumi, hannu yana gumi yana kama gilashi, a nan safar hannu mai yatsu biyu take amfani. Ka samo masa matashi ya ɗan tashi tsaye, domin zane a kwance a tebur na tsawon sa'o'i yana kama wuya da kafaɗa, kuma wannan ciwon ba ya tafiya da wuri.

Wajen saye, sabo a kwali ya fi, ko daga Legas ko Abuja za a aiko maka, kuma farashi yana bin dala don haka ka tambayi wurare da dama a rana ɗaya. In na hannu ne, ka tafi da laftof ɗinka ka haɗa a gaban mai sayarwa. Buɗe farin shafi sannan baƙi ka nemi ɗigon da ya mutu. Ɗora rula ka ja layi a karkace a hankali ka ga ko yana rawa. Taɓa kusurwoyi huɗu. Girgiza kebul a bakin raminsa ka ga ko hoto yana ɗaukewa, domin ramin nan shi ke fara lalacewa. Kada ka karɓi allon da babu alƙalaminsa da alkawarin za ka samu a kasuwa, alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a na wani, har a kamfani ɗaya ma ba kowanne ke hawa kowane samfuri ba. Kebul mai kai ukun nan shi ma na sha wahalar nemansa a shagunan gari, saboda haka in kana oda ka haɗa da na ajiya da ƙarin bakunan alƙalami a kaya ɗaya.

Ka turo lambar samfurin laftof ɗinka da hoton ramukan gefenta biyu, da zane biyu ko uku da ka yi a takarda, in sha Allah zan duba in gaya maka wanda zai hau ta.