Na gaji da jinyar mahaifiyata: shin na yi laifi?

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai ke jinyarta. Ba na samun barci, wani lokaci har na ɗaga mata murya, zuciyata ma ta kan raya mini da ma a huta. Yayyena maza sai dai su leƙo su gaishe ta. Ina da zunubi? Ya halatta in ɗauko mai taya ni? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

'Yar'uwa, gajiya ba saɓa wa iyaye ba ce. Abin da zuciya ta raya kuwa, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe shi ga wannan al'umma matuƙar ba a furta ba, ba a aikata ba. Ɗaga murya ne ke da hukunci, domin aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da cewa "tir". Ki nemi gafarar Allah, ki ba ta haƙuri, sannan ki magance tushen abin, wato rashin barci. Idan kin ji ranki ya fara ɓaci, ki tabbatar ba za ta faɗo ba, ki fita tsakar gida na minti goma.

Ɗauko mai taya jinya halal ne, kuma ba daga aljihunki kaɗai ba. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, gwargwadon wadatar kowa, kuma Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihu na wannan mazhaba, ya sanya mai yi musu hidima cikin wannan nafaƙa. Don haka gaisuwa ba ta sauke wa yayyenki nauyi ba. Ku zauna ku rubuta wa zai kwana wane dare, wa zai sayi magani da famfas na manya, wa zai kai ta asibitin koyarwa na Shika ranar ganin likita. Idan sun ƙi, a sa kawu ko limamin unguwa.

Dalilin rabon dare a fili yake: mai wannan ciwo ana juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da dunduniya ta mutu, gyambo ya buɗe. Mutum ɗaya ba zai iya wannan dare da rana ba. Wajen ɗaga ta ku zama biyu, ku kama zanen gadon, a lanƙwasa gwiwa ba baya ba.

Game da sallarki kuwa, taɓa najasar Mama wajen jinya ba ya karya alwala, wanke hannu ya isa. Ki ware tufa ɗaya ta sallah.

Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu da ya ce wa Abu Darda'i jikinsa yana da hakki a kansa. Idan rashin barci, ƙin abinci da yawan kuka sun kai mako biyu, ki ga likita, a auna miki hawan jini. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko ita ya zo, ki faɗa wa wani a ranar, a karɓe ki jinyar.

Wallahu a'alam.