Sun Ce Ta Yi Kyau, Ka Duba Hannunsu Kuwa?

Ka tare ni jiya da yamma kana cewa, "Maigida, mutum tara na yi hira da su a kan sabuwar manhajar nan, kowa ya ce ta yi kyau, amma jikina bai ba ni ba, yaya zan yi su faɗa mini gaskiya?" Ban amsa maka a take ba, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Ba zan ɓata lokacina wajen koya maka neman izini kafin ka ɗauki muryar mutum ba, ko shirya tambayoyinka tun kafin ranar hira, domin wanda bai san wannan ba, ba shi da abin yi a wurina.

Lokacin da nake ganin na gama ƙwarewa, wani ɗan kasuwa ya ba ni kwangilar tsara manhajar da masu ƙananan sana'o'i za su riƙa rubuta bashin da suke bi. Na ce masa sai na zauna da waɗanda za su yi amfani da ita kafin a fara gini, ya ce kada in wahalar da kaina, shi zai kawo mini su. Ya kuwa kawo mutum goma sha biyu ofishinsa, ya zauna a kujerar da ke gefena, kuma duk wanda ya shigo sai ya gabatar da ni da cewa ga gwanin da ya ƙirƙiro wannan abu. Ni kuma daɗin yabo ya ɗebe ni, na riƙa nuna musu zanen a waya ina tambaya, "Idan aka fito da wannan, za ka yi amfani da ita? Za ka biya?" Duka goma sha biyun suka ce ƙwarai kuwa. Sai daga baya na gano cewa fiye da rabinsu shi ke ba su kaya bashi. Yaya mutum zai kushe abin wanda yake binsa kuɗi, alhali ga shi zaune yana kallonsa?

A cikinsu akwai wata mata da har yau nake ganin hannunta. Ta shigo da wani littafi mai baƙin bango wanda gefensa ya lanƙwashe, an ɗaure shi da roba, kuma tun da ta zauna tafin hannunta yana kansa. Muna tsakiyar hira aka kira ta a waya, wani ya ce ya turo rabin abin da ake binsa. Ta ajiye wayar gwajin da na ba ta, ta zare robar, ta buɗe shafin mutumin ba tare da ta nema ba, ta ja layi, ta rubuta saura, sannan ta ɗago ta ce mini manhajar nan za ta taimake ta matuƙa. Na rubuta maganar bakinta, ban rubuta abin da hannunta ya yi ba. Da na ce ta buɗe mini littafin, da na ga cewa tana sa wanda ya ci bashi ya sa hannu a gaban adadin, kuma wannan sa hannun shi ne hujjarta ranar gardama, abin da manhajata ba ta da shi sam.

Wata takwas muka yi muna gini, na ɗauki masu rubuta manhaja biyu ina biyansu daga aljihuna bisa alkawarin cewa ɗan kasuwar zai cika mini kuɗina ranar ƙaddamarwa. Aka fito da ita, mutane suka sauke, kafin wata guda kowa ya koma littafinsa. Mutumin nan ya dube ni ya ce ni ne gwani, ni na yi binciken, don haka asarar tawa ce, ya riƙe kashin ƙarshe na kuɗina. Shi ya zaɓo mutanen, shi ya zauna ya tsare su da ido, amma rahoton da sunana ya fita, kuma da shi ya kafa mini hujja.

Abin da ya same ni an auna shi. A shekarar 2012 wasu masu bincike sun wallafa sakamakon hira 450 da suka yi a birnin Bangalore na Indiya, inda aka nuna wa wasu daga cikin mutanen manhajar kallon bidiyo guda biyu iri ɗaya sak, mai tambaya ya ce ɗaya tasa ce. Waɗanda suka zaɓi tasa sun ninka masu zaɓar ɗayar wajen sau biyu da rabi, kuma da mai tambayar ya kasance baƙo ɗan ƙasar waje mai magana ta bakin tafinta, sai abin ya kai ninki biyar. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, kara suke yi. Mutanenka tara ma kara suka yi maka, domin na tabbata ka shiga da fara'a kana cewa ga abin da muka yi.

Saboda haka idan ka koma, kada ka fito da wayar sai ƙarshe, kuma kada ka bari su san da hannunka a ciki. Mafi kyau ma ka tura wanda bai yi zanen ba. Ka daina tambayar abin da mutum zai yi gobe, domin shi ma bai sani ba. Ka ce masa, "Yaushe wannan matsala ta same ka a ƙarshe? Me ka yi ranar? Nuna mini." Wanda bai taɓa kashe lokaci ko kuɗi wajen neman maganin matsala ba, matsalar ba ta dame shi ba, ko da ya rantse. Idan ya ce zai saya, ka nemi wani abu da zai ɗan yi masa nauyi, kamar ya ba ka awa guda mako mai zuwa ya gwada da ainihin aikinsa, a nan za ka ga masu zamewa.

Sai shiru, wanda ku yaran yanzu ba ku iya jure shi. Mutum ya tsaya daƙiƙa uku yana tunani, kun riga kun cusa masa amsa a baki, ko kun kai hannu kun danna masa maɓallin. Kun fi son ku watsa fom a intanet ku ƙirga taurari, sannan ku ba kwamfuta ta taƙaita muku hirar da ba ku saurara ba. Na kuma ji kana faɗa wa abokinka cewa mutum biyar sun isa. Maganar Jakob Nielsen ce, masanin sauƙin amfani da manhaja, ta shekarar 2000, kuma a kan gano inda mutane ke tuntuɓe wajen sarrafa abu ya yi ta, inda ya ce biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na irin waɗannan matsaloli. Bai ce biyar za su gaya maka ko ana bukatar abin ba.

Ka sake nemo mutanen da kanka, kada wanda ya ba mu aikin ya zaɓa maka ko ɗaya, kuma kada ya shiga ɗakin. Ka je inda suke aikinsu, ka zauna ta gefen da za ka ga hannunsu. Ranar Litinin ka kawo mini abin da ka ga sun yi a takarda ɗaya, abin da suka faɗa a wata takardar dabam, ta farkon zan fara karantawa.